Takalmin gwanjo: ka je shago ko ka saya a waya?

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni, wai tunda ka tara ɗan abin da za ka fara saro naka, da bin shagunan gwanjo kana ɗaga takalmi ɗaya bayan ɗaya da zama ka zaɓa a waya a kawo maka har ƙofa, wanne ya fi. Ban amsa maka ba a lokacin don raina ne ya ɓaci, ba da kai ba yaro, tambayar ce ta tono min abin da har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ba zan tsaya koya maka bambanta fata da leda ba, ko duba dunduniya ka ga ta wane gefe ta ci, shekararka biyu a gabana, in har yanzu ba ka iya wannan ba toh ka nemi wata sana'ar.

Abin da ya same ni shi ne, wani mutum ya sa hoton takalman aiki a wani shafin saye da sayarwa na intanet, irin but ɗin nan masu ƙarfe a baki, ƙafa 40, ya ce sababbi ne a kwalinsu, wani sito ne aka kwashe. Kuma gaskiya ya faɗa, ba wanda ya taɓa saka su, ka riƙe wannan don nan ne abin yake. Ya turo min bidiyo yana jujjuya su, fata ce ta gaske, ɗinki tsaf, igiya ko warware ta ba a yi ba, ƙasansu ko ƙura babu. Ni da na fi shekara 30 ina wannan sana'a, fata ko a hoto na gan ta na san ta, kuma ban yi kuskure a kan fatar ba. Sai ya ce in zan tura masa kuɗin kai tsaye a asusunsa, ba ta cikin shafin ba, zai rage min tunda shafin na cire nasa kason. Na tura. Jarin kusan wata uku ne na zuba a ciki.

Kaya suka iso, na buɗe, wallahi kyau kamar yau aka fito da su daga kamfani, cikin sati biyu na sayar da fiye da rabi, yawanci ga mutanen da suka daɗe suna saye a hannuna, magina da masu gadi da masu walda. A sati na uku wani magini da ya shekara 12 bai sayi takalmi a wurin kowa ba sai ni ya shigo da nasa a hannu, ya ajiye a kan teburin nan da kake goge kaya. Saman yana nan lafiya lau, robar ƙasa ita ma lafiya, amma abin da ke tsakaninsu ya rududduge, ka taɓa ya zube kamar busasshiyar ƙasa, wani wajen kuma yana danƙo yana manne wa yatsa. Ya ce yana kan tsani ƙasan ya saki. Allah ne ya kiyaye. Bai zage ni ba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, maigida ban zaci haka daga wajenka ba. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Daga nan sai suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa kowa kuɗinsa don ni ba a san ni da cin haƙƙi ba, wasu sun ci gaba da zuwa, maginin nan kuwa har yau ban sake ganin ƙafarsa a shagon nan ba. Mai kayan na kira shi sau ɗaya ya ɗauka, ya ce ai na ga bidiyo kafin na biya, daga nan ya toshe lambata. Na kai ƙara wajen masu shafin suka ce cinikin da ba a biya ta cikinsu ba babu ruwansu, kuma da gaskiyarsu.

Ka san me ya ci takalman? Soson tsakiya ne, wanda ake kira PU. Yana da laushi yana da sauƙin ɗauka shi ya sa kamfanoni ke son sa, amma laimar da ke cikin iska tana shigarsa a hankali tana tsinka shi daga ciki, zafi kuma yana ƙara masa gudu, kuma wanda aka ajiye a kwali shekara da shekaru ba a taka shi ya fi saurin mutuwa a kan wanda ake sawa kullum. Wato abin da ya ja ni, cewa ba a taɓa sa su ba, shi ne ma ya kamata ya tsorata ni. Kuma hoto ba ya nuna wannan, bidiyo ba ya nunawa, sai babban yatsa. Da a shago ne zan danna farce a gefen soson, in lanƙwasa takalmin gida biyu in ga ko zai yi ƙananan tsaga, in shinshina, kafin ka ƙirga biyar na ajiye na wuce. Abin da ya fi ƙona min rai, da na ɗaga harshen takalmin bayan komai ya lalace, ga wata da shekarar da aka yi shi nan a rubuce, sun haura shekara 9. Hoton wajen nan kaɗai da na nema da ya ishe ni.

Ku yaran yanzu kuna ganin duk abin da ya haska a waya ya gama kyau, ga lalaci, mutum ba ya son ya tsuguna a gaban tulin kaya awa biyu ya sha ƙura. A tsugunon nan ake koyon sana'ar. A nan hannunka zai san nauyin takalmin kirki, ka gane wanda aka ɗinke ƙasansa da zare, irin ɗinkin Goodyear, wanda in ya cinye za a farke a sa masa sabo, da wanda gam kawai ke riƙe da shi. A nan za ka gane cewa soson EVA shi lotsewa yake yi ya daina dawowa amma ba ya zubewa irin na PU. Ko tambarin Vibram ka gani a ƙasa, kamfanin Italiya ne da ke yin roba mai kyau tun 1937, amma robar da ke taɓa ƙasa kaɗai yake ba ka labari, ba abin da ke samanta ba. Sannan mai shago yana nan gobe, ya san fuskarka ka san tasa, in ya cuce ka ka san ƙofar da za ka tsaya.

Ban ce intanet ba ta da amfani ba, eBay tun 1995 ake ciniki a cikinta, Facebook ma sun buɗe tasu kasuwar a 2016, ba duka ɓarayi ne a ciki ba. In wani ya zo yana neman lamba 47 ko wani samfuri da za ka yi wata kana yawo ba ka samu ba, can za ka same shi. Amma ƙafa ɗaya ko biyu, ba jarinka duka ba. Ka biya ta cikin shafin ko da ragin da za a yi maka a waje ya kai nawa. Ka ce a ɗauko maka hoton takardar da ke cikin harshe, a lanƙwasa takalmin a danna soson da yatsa a bidiyo kana kallo, wanda ya fara kawo maka uzuri ka rabu da shi. Kar ka yarda da lamba kawai, 42 na Turai shi ne 8 na Ingila, a Amurka kuma wajen 9, wani kamfanin ma nasa daban, ka ce a zaro shimfiɗar ciki a auna da tef a gaya maka santimita nawa ne.

Wannan kuɗin naka dai na farko, shago za ka kai shi, ni zan raka ka ranar farko amma ba zan zaɓa maka ko ɗaya ba, zan tsaya a bayanka ne in ga abin da hannunka zai ɗauka. Gobe ka zo da wuri kafin mu buɗe, akwai ƙafa ɗaya daga cikin 40 ɗin nan da na ajiye a ƙarƙashin kanta, ka ɗauko ka danna da yatsanka ka ji yadda yake.