Makina ya faɗi, shin za a janye mini tallafin karatu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na gama aji biyu a wata jami'a a nan Kano. Wata gidauniya ce take biya mini kuɗin makaranta, da sharaɗin kada CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk zangunan da na yi, ya gaza 3.50. A zangon da ya wuce mahaifina ya kwanta a asibiti, sai na koma tsare masa shago a Kantin Kwari. Na faɗi kwas ɗaya mai yunit uku, sauran ma ban taɓuka abin kirki ba. Yanzu ina kan 3.30 bayan yunit 70. Abokina ya ce in yi shiru har in gyara. Me kake gani? Daga wani ɗalibi, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba mahaifinka lafiya, Ya saka maka da alheri kan hidimar da ka yi masa. Amma ɗana, shawarar abokinka ba ta yi ba. Mai biya maka kuɗi zai nemi sakamakonka kafin ya sake biya, wasu ma kai tsaye suke nema daga makaranta. Ranar da suka gani da idonsu ba daga bakinka ba, maganar ta tashi daga ta maki ta koma ta amana. Na daɗe ina riƙe da ɗalibai a matsayin kodinetan aji, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaron da yake da uzuri na gaskiya, ya ƙi faɗa sai bayan an cire sunansa.

Bari mu yi lissafi, don tsoro yakan ragu idan mutum ya ga lamba. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke bi, A tana da 5, B 4, C 3, D 2, F kuma sifili. Ana ninka wannan da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da yawan yunit ɗin da ka yi wa rajista. Kai kana da 3.30 a yunit 70, wato ka tara maki 231. Idan za ka ɗauki yunit 18 a zango mai zuwa, jimla ta zama 88, kuma 3.50 na 88 shi ne 308. Ka ga kenan kana neman 77 a zango ɗaya, wato kusan 4.28. Wannan sai an haɗa da A masu yawa. Amma idan suka ba ka shekara guda, yunit 36, abin da kake nema 140 ne, wato 3.89. B a yawancin kwasa-kwasai, da A biyu ko uku su rufe gurbin C, ka isa.

To ka ga abin da za ka roƙa: shekara ɗaya, ba zango ɗaya ba. Kada kunya ta sa ka yi alkawarin da lissafi bai goyi bayansa ba.

Kafin ka rubuta musu, ɗauko takardar da suka ba ka ranar da aka zaɓe ka, ka karanta ta da kyau. Shin 3.50 ɗin na jimlar shekaru ne ko na kowane zango? Akwai gargaɗi kafin a janye? An hana faɗuwa ko da kwas ɗaya ne? Ɗalibai da yawa adadin kuɗin kawai suke dubawa su ninke takardar. Sannan ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya: abin da ya faru da lokacinsa, abin da ya canza yanzu, da lissafin nan da muka yi. Ka haɗa da takardar asibiti mai kwanan wata da hatimi, da 'yar shaida daga kodinetan ajinku ko shugaban sashe. Ban da dogon kuka, ban da ɗora wa malami laifi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, ka kai ta cikin makon nan, ka riƙe kwafi.

Kwas ɗin da ka faɗi kuwa, shi za ka fara yi wa rajista. A jami'o'i da dama sifilin farko yana nan cikin lissafi ko ka ci daga baya, saboda haka faɗuwa ta biyu asara ce ninki. Ka fi ba kwas mai yunit uku ƙarfi, domin A a cikinsa 15 ce, a mai yunit ɗaya kuwa 5. Kuma kada ka raina gwaji da aikin gida. Maki 30 ko 40 ɗin nan su ne suke raba C da B.

Idan har sun janye, karatu bai ƙare ba. Ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, wanda ya fara aiki a 2024: ba ruwa a kansa, makaranta ake tura wa kuɗin rajista kai tsaye, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ka dai sani bashi ne, ba kyauta ba. Ka kuma sa ido kan sanarwar hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Kano.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi damuna. Wa zai zauna a shagon nan bana? Idan har kai ne za ka buɗe da safe ka rufe da yamma, 3.89 ba za ta samu ba, wasiƙarka ma ba ta da abin da za ta tsaya a kai. Ka zauna da mahaifiyarka ko kawunka ka faɗa musu gaskiya, a samo wanda zai riƙe shagon daga Litinin zuwa Juma'a, kai ka karɓa Asabar da Lahadi. Ka sa wannan tsarin a cikin wasiƙar, don shi za su fara dubawa.