Amsa ga ƙanenmu na Tawa mai tambaya kan bikin kiɗan rok

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na natsu. Ka ce son kiɗan nan da ake kira rok progresif ya kama ka, wanda waƙa guda kan ci minti 20, ƴan fadarku kuma suna cewa wanga kiɗa ya ɓata hanya ne. Kana son jin ko akwai wanda ya taɓa zuwa bikinsa da ƙafarsa, da yadda wurin yake. To, ni na je har sau biyu, lokacin da nake karatu a Faransa, kafin in dawo Yamai.

Sunan bikin Crescendo. Ana yin sa a watan Agusta a wani ɗan gari na bakin teku, Saint-Palais-sur-Mer, kusa da Royan. Fili ne buɗaɗɗe, shiga kyauta, shi ya sa ma ɗalibi irina ya iya zuwa. Kuɗin jirgin ƙasa da na wurin kwana kawai na nema.

Da na isa na zaci zan tarar da samari ana tsalle ana ihu. Sai ga dattawa masu furfura, kowa da ƴar kujerarsa ta naɗewa, wasu da jikokinsu. Dalili kuwa, kiɗan nan a Ingila ya tashi a ƙarshen shekarun 1960. Ƙungiyar King Crimson ta fitar da faifanta na farko a 1969, ga su Yes da Genesis da Pink Floyd, a Faransa kuma ga Magma, waɗanda makaɗin gangarsu Christian Vander ya ƙirƙiro musu harshen kansu suke waƙa da shi. Waɗanda suka saurari wannan suna samari su ne tsofaffin da na tarar. Tsawon waƙoƙin ma yana da nasaba da zamanin: fuska ɗaya ta faifan garmaho takan ɗauki minti 20 da ɗoriya, sai makaɗa suka ce bari mu cika ta da waƙa guda.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a daren farko. Wata ƙungiya ta yi kamar minti 10 tana zuba kiɗa, ganga da gita da madannai duk suna gudu tare, kwatsam sai tsit. Na ɗaga hannu zan yi tafi. Wani tsoho da ke gefena ya dafa min gwiwar hannu a hankali, ko ido bai buɗe ba. Ashe waƙar ba ta ƙare ba, numfashi take. Taro guda ya yi shiru har ina jin igiyar ruwa tana dukan duwatsu a bayanmu. Daga cikin shirun nan sarewa ta fito, siririya, ta ɗauko ainihin muryar da aka buɗe waƙar da ita, wadda ni har na manta. Sauran kayan kiɗan suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na shekara ina jin irin waƙoƙin nan a kunne ina tafiya, ina girki, ina tsallake inda ya yi min tsawo. Ranar ce farkon da na zauna na bi waƙa daga bakinta har wutsiyarta, na gane cewa abin da ake ajiyewa a minti na 2 sai a minti na 18 ake zuwa ɗaukarsa. Wanda ya tashi sayen ruwa a tsakiya ya yi asarar duka.

Ka lura da ƙidayar kiɗan. Yawancin abin da muke ji a rediyo huɗu-huɗu yake tafiya. Su kuwa sukan yi biyar ko bakwai, su sauya a tsakiyar waƙa. In ƙafarka ta rikice, ƙidaya haka: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku. Bakwai ke nan. Ka zuba wa mai ganga ido, shi ne limamin wurin, sauran shi suke kallo kafin su juya.

Babu liƙi, babu maroƙi, ba a kiran sunan kowa. Mai son ya taimaki makaɗa sai ya je tebur bayan sun sauka ya sayi faifai ko riga. Sau da yawa su da kansu ke tsaye a nan, ka gaisa da su hannu da hannu.

Akwai abin da ya kamata in gaya maka tsakani da Allah. Ana sayar da giya a wurin, abincin ma sai ka tambaya don akwai naman alade. Ni burodi da kifin gwangwani da dabino na riƙe a jaka, ba wanda ya dame ni. A Agusta rana ba ta faɗuwa can sai wajen ƙarfe 9, magariba kan riske ka ana tsakiyar kiɗa. Nakan zame gefe inda ba hayaniya in shimfiɗa dardumata in yi salla in dawo. Iskar teku kuma da dare tana shiga ƙashi, sai da rigar sanyi. Kada ka tsaya dab da lasifika, na yi haka a daren farko na kwana biyu kunnena yana ƙugi.

Sai maganar da ta fi damuna. Kai da ke Tawa, bai kamata ka ɗauka cewa sai ka haye teku za ka ji daɗin nan ba. Mdou Moctar ɗan jiharku ne, daga Azawak, bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, yau Amurka da Turai ana cika fili don a ji shi. Ƴan matan Illighadad, can wajen Abalak, sun ɗauki tende, kiɗan gargajiya na matan Abzinawa, sun ɗora shi kan gita. Bombino ɗan Agadas har takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, ya shiga a 2019. Ban ce kiɗansu rok progresif ne ba, kowane da gidansu. Na Turawa kamar gini ne da aka zana a takarda, ɗaki bayan ɗaki. Na Abzinawa tafiyar raƙumi ce, taki guda ake maimaitawa har ya hau kanka. Amma haƙurin sauraren iri ɗaya ne, kuma mu an haife mu da shi. Wanda ya taɓa zama a filin kokowa makaɗi yana jan kirari guda har kusan sa'a, ko ya kwana gidan biki ana takamba, waƙar minti 20 ba za ta gagare shi ba. Nan Yamai na sha tsayawa gaban ƙungiyar Tal National, mai gita ya ja zare guda har ka rasa inda ya faro, sannan ya dawo da kai gida. Abin da na ji bakin teku shi na ji a wurin.

Saboda haka duk ranar da ka ji za a yi gita a gidan matasa na Tawa, ko Allah ya kawo ka Yamai ana wasa a dandalin Umaru Ganda, ka je da wuri, ka samu wuri tsakiya daidai inda mai gyaran sauti yake zama, nan ne kiɗa ya fi fita. Waya ta zauna cikin aljihu. Ƴan fadarku kuma, bar jayayya da su. Ka jira lokacin da aka ɗora shayi na biyu, ka ce su ba ka aron kunnensu har a sauke na uku, ka kunna musu waƙa guda ba tare da kowa ya taɓa wayar ba. In ka gwada, ka dawo nan ka ba mu labarin wanda ya fara kaɗa kai.