Dodo a Kududdufi: Tsoro da Dariya Za Su Zauna a Fim Ɗaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Na rubuta labarin fim a kan wani Dodo da ke zaune a tsohon kududdufi cikin birni. Wasu dillalan filaye uku sun haɗa baki da mai unguwa za su cike kududdufin su yanka shi fuloti-fuloti, sai Dodon ya fito ya ce zai ba su zinariyar da ke ƙasan ruwa in sun bar masa gidansa. Ina so fim ɗin ya ba da tsoro, ya kuma ba da dariya. Abokaina sun ce ba a haɗa su, ko dai na tsoro ko camama. Wani ya ce in mai da Dodon aljani don a fi razana. Ga shi ba ni da kuɗin haɗa halitta da kwamfuta irin na Amurka. Yaya zan yi?

Ɗalibi daga Gwammaja

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma ina roƙonka kada ka yar da labarin nan.

Abokanka ina jin ba su taɓa zama gaban tsohuwa da daddare ba. Ni a gindin Dala na tashi. Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, takan shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida bayan isha'i, ta rage lagwanin fitila, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Akwai wadda ta fi son yi mana, ta mace mai ciki da ta je itace ta rasa mai ɗora mata kaya, Dodo ya zo ya ce zai ɗora mata in ta yi masa alkawarin abin da za ta haifa. In ta zo maganar Dodo sai ta sa bakinta cikin ƙwaryar fura, muryar ta fito kamar daga rijiya. Mu bakwai muke cure wuri ɗaya, ƙanwata ta cusa kai cikin zanenta. Ana cikin haka sai ta sako Gizo da tsamin bakinsa, yana neman a ba shi kaso a abin da bai wahala a kai ba, mu fashe da dariya har da birgima. Daidai lokacin da jikinmu ya saki, sai ta ƙwanƙwasa gindin ƙwaryar sau ɗaya. Wallahi ihun da muke yi a nan ya fi na farko. Dariyar ce ta sa muka sake jiki, tsoron ya samu ƙofa.

Abin da zan ce ka riƙe shi ne ka raba musu aiki. Tsoro na Dodo ne, dariya ta dillalai ce. Kada Dodonka ya taɓa yin barkwanci, kada ya yi tuntuɓe, kada ya zare ido don a yi dariya. Ranar da 'yan kallo suka yi masa dariya, fim ɗin ya mutu. A tatsuniyoyinmu Dodo mai sharaɗi ne. Yakan faɗi abin da zai bayar da abin da zai karɓa, kuma in ranar ta zo yakan zo. Mutum ne ke amsa "na yarda" da sauri don buƙatar gabansa, daga baya ya shiga neman hanyar zillewa.

Saboda haka ka ba Dodonka sharaɗi ɗaya mai sauƙi, wanda yaro ma zai riƙe. A ce kowa ya ɗebi zinariya cikin ƙwarya ɗaya, sau ɗaya, kada ya dawo. Daga nan ka zuba ido ka ga abin da dillalin Kano zai yi da wannan magana. Na farko zai zo da ƙwarya daidai misali. Na biyu zai zo da masaki yana rinjayarsa, ya ce ai masaki ma ƙwarya ce. Na uku zai dawo washegari da rawani da gemun aro, ya ce shi wan wancan ne na jiya. Mai unguwa kuwa, da bai ɗebi komai ba tukuna, zai durƙusa a bakin ruwa gwiwoyinsa na kaɗawa, ya ce ranka ya daɗe, ni da na haɗa cinikin ina la'adata? Kowa a ɗakin kallo ya san waɗannan mutane, wani ma kawunsa ne. Za a yi dariya, kuma ana dariyar ana duban ruwan, domin an san mai sharaɗi yana ƙirgawa.

In kana jin ka yi wuce gona da iri, ka tuna abin da muka ji da kunnenmu. A 2018 aka ruwaito cewa wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36. A 2019, nan Kano, bayan bikin sallah aka nemi naira miliyan 6.8 na gidan zu aka rasa, labari ya karaɗe gari cewa goggon biri ne ya haɗiye, har gwamnan lokacin ya fito ya ce ai babu goggon biri a gidan. Ƙasar nan gaba ɗaya ta yi dariya, amma kuɗin jama'a ne suka salwanta. Ka ɗauki wannan ka sa a labarinka. Mai unguwa ya cinye kuɗin gyaran kwalbati da jama'a suka tara, ya tara mutane ya ce Dodo ne ya haɗiye. Ka bar Dodon ya ji wannan ƙazafi daga cikin ruwa. Ina ganin nan ne fim ɗinka zai juya, domin har zuwa lokacin haƙuri yake yi.

Abin da ya fi burge ni a wasiƙarka shi ne kududdufin. Ban sani ba ko ka lura da girman abin da ka taɓo. Kududdufan birnin nan kakanninmu ne suka haƙa su, suna ɗibar ƙasa suna yin tubali, suna gina gidaje da badala, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Ramukan da suka bari su ne ke shanye ruwan damina. Wanda muke kamun tarwaɗa a cikinsa muna yara, yau shaguna ne a kai. Da shara aka fara cike shi, sannan tifa-tifa ta ƙasa, sannan wata safiya muka ga an kafa turaku. Duk watan Agusta ruwa na shiga ɗakunan maƙwabta, mata na kwashewa da bokiti da tsakar dare, ana ɗora yara a kan gado. Wanda ya sayar da filin ya daɗe da komawa sabuwar unguwa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. Don haka ka kai ƙarshen fim ɗinka cikin damina, ka bar ruwa ya biyo dillalan har gida. Kuma don Allah kada ka kawo wani dattijo a ƙarshe ya tsaya minti goma yana jawabi a kan illar haɗama. Wanda ya ga mutum a kan katanga rungume da masaki, ruwa na hawa, yana ƙin sakinsa, ya riga ya ji wa'azin.

Maganar aljani kuwa, ban goyi baya ba. Aljani a wurinmu imani ne, akwai sura guda da sunansa a Alƙur'ani, kuma akwai gidajen da ke fama da mara lafiya suna yi masa ruƙiyya. In ka sa shi a barkwanci za ka ɓata wa mutane da yawa rai, rabin 'yan kallo kuma za su koma gardamar ko haka aljani yake. Dodo na tatsuniya ne, kowa ya san da haka, shi ya sa ake rufewa da ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Kana da 'yancin ka yi masa siffar da ka ga dama. Duk da haka ka je Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ka ji ƙa'idojinsu tun labarin yana kan takarda, kafin ka kashe ko sisi.

Rashin kuɗin kwamfuta kada ya hana ka barci. Na taɓa zama a wani ɗakin tace hoto a Zoo Road ana nuna mini fim ɗin tsoro. An sa wa wani dogon saurayi buhu, an shafe shi da baƙin tukunya, an ɗauke shi da rana tsaka yana tahowa, ga silifas ɗinsa shuɗi a ƙafa. Yaron da ya kawo mana shayi ya kalla ya tuntsire da dariya, mai fim ɗin kuwa ya yi shiru, don gonarsa ya sayar ya yi aikin. Na tausaya masa har zuciyata. Da bai nuna halittar ba da ya tsira. Kai ka nuna ruwa yana motsi babu iska. Ka nuna sawu ɗaya a taɓo, mai faɗin faifai. Ka tara kukan kwaɗi ya cika kunne, sannan ka yanke shi ɗif. Duk wanda ya kwana kusa da kududdufi ya san in kwaɗi suka yi tsit akwai abin da ya iso. Muryar kuwa, ƙwaryar kakata ta isa. Sauran aikin fuskar ɗan wasa ce. Ka duba yadda marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, yake yi in ya firgita: baki na rawa, ido na neman hanyar gudu, amma hannu bai saki abin da ya ɗauko ba. Irin wannan ɗan wasan za ka nema. Sai dai ka rubuta musu kowace magana, kada ka ce su yi ta zuba yadda suka saba, domin tsoro da awo yake tafiya. Waƙa da rawa a bakin ruwan Dodo kuma, a haƙura da su a wannan karon.

In ka gama rubutun, ka aiko mini ta ofishin mujalla in karanta.

TAMBAYA

Malam, yarana biyu, mai shekara shida da mai tara, sun kalli wani fim ɗin dodanni a wayar babansu. An ce na ban dariya ne, amma yanzu ƙaramin ba ya zuwa banɗaki da daddare sai na raka shi. In hana su gaba ɗaya?

Uwa daga Fagge

AMSA

'Yar'uwa, barkwancin irin waɗannan finafinai na manya ne. Ɗan shekara shida bai san dillali ba, bai san haɗama ba, dodon kawai yake gani. Mu da aka yi wa tatsuniya, mai ba mu tsoron ita ce mai rungume mu, kuma tana ganin fuskarmu, in abin ya yi yawa ta sassauta. Waya ba ta yin haka. Ƙaramin a ɗaga masa tukuna. Babban kuwa ki fara kallon fim ɗin ke kaɗai, in kin ga ya dace ku kalla tare da rana, yana jingine da ke. Ki ci gaba da raka ƙaramin ba tare da tsawa ko gori ba, ki riƙa ba shi tocila a hannunsa ya haska da kansa, ki koya masa addu'ar shiga banɗaki da ta kwanciya. Ki kuma yi wa maigida magana ya sa wa wayar makulli.