Me ya sa ƙwayar cutar numfashin shanu ta ƙi tsirowa?

Ƙanena, ka ce ka shafa majinar ɗan maraƙi a faranti kamar yadda ake wa bakteriya, shiru. Ai bairos ba ya hayayyafa sai cikin ƙwayoyin halitta masu rai. Galibi na ƙodar saniya ake renawa, irin su MDBK, a ɗumin digiri 37.

Ƙwayar BRSV kuwa, wato wani bairos mai kama hanyar numfashin shanu, akwai wuyar sha'ani. Tana da rauni ƙwarai, zafin Maradi kaɗai ya isa ya kashe ta kafin samfurin ya kai Yamai. Ka ɗauka da zazzaɓi ya fara, ka sa a ƙanƙara nan take. In aka zuba samfurin a kan ƙwayoyin ƙodar kuma ta kama, za ka ga sun manne sun zama dunƙule guda. Yakan ɗauki kwanaki, kada ka yi saurin zubarwa.