Lucio Fulci, daraktan da ba ya kawar da kyamara

Malam, ka tambaya ko Lucio Fulci yana da taɓin hankali ne, ganin yadda jini ke kwarara a finafinansa. A'a, gwani ne a sana'arsa, kuma ba da ban tsoro ya fara ba.

An haife shi a birnin Rum a 1927. Ya fara karatun likita, ya watsar, ya koma makarantar fim. Ya daɗe yana yi wa Italiyawa finafinan barkwanci kafin sunansa ya zaga duniya da Zombi 2 a 1979.

Inda wani darakta zai yanke hoto ya bar ka da zato, shi matsowa yake yi, sannu a hankali. A Zombi 2 akwai inda ake jan gashin wata mata zuwa ga tsinken katako, kana kallo yana kusantar ƙwayar idonta har ya shige. Ido dai ya zame masa jaraba, ya sha komawa kansa. Giannetto De Rossi ne ya haɗa raunin, Fabio Frizzi ya yi kiɗan. Labari kuwa bai dame shi ba. Fim ɗinsa The Beyond na 1981 ba kai ba gindi, kamar mugun mafarki, kuma a ganina nan ne ya fi kyau.

Har kotu aka shiga kan wani fim nasa na 1971, bisa zargin an yanka karnuka. Sai da Carlo Rambaldi, mai haɗa kayan dabarun fim, ya kawo karnukan bogin da ya ƙera ya nuna wa alƙali. Fulci ya rasu a 1996.