Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya kan ondiler biyu masu kama ɗaya

Salamu alaikum ƴan'uwa. Malam, ka ce ka ga ondiler ɗin sola, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wutar gida, a shago biyu nan Yamai, jikinsu ɗaya, madannansu ɗaya, sai dai suna daban, ɗaya da tutar Jamus a kwalinsa kuma ya fi tsada da jikka 80, kana tambaya wane za ka ɗauka. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don abin da ya ci ni ke nan.

Kada tutar nan ta ruɗe ka. Yawancin kayan nan a Sin ake ƙera su, ɗan kasuwa ya je Guwanzu ko Shenzen ya yi odar kwantena, a buga masa sunan da ya ga dama. Akwai kamfanin Taiwan mai suna Voltronic Power, aikinsa ke nan, yana ƙera wa wasu su sa sunansu, shi ya sa za ka ga sunaye barkatai amma dukkansu da manhajar WatchPower ake duba su a kwamfuta. Wannan ba laifi ba ne, kuma akwai masu kyau sosai a ciki. Masifar ita ce wasu masana'antun na kwaikwayon wannan samfurin, a waje kamar an tsaga kara, a ciki kuwa sai Allah.

Ni ƙanƙara da lamurje nake sayarwa, da firiza biyu nake ciyar da yarana. Wani Alhaji a wajen kasuwar Katako, mutumin da nake gaisarwa da girmamawa, ya nuna mini wani ondiler, ya dafa ƙirji ya ce mini: "Hajiya, wannan daga Jamus ya zo, sunan shagona ne a jiki, garanti shekara guda." Adashena na kwashe gaba ɗaya na ba shi. Cikin azumin 2024, ana tsakiyar zafin nan da ko kwanciya ba ta yiwuwa, kuran ya ɗauke da rana, sai na ji ƙara tiii. Allon ondiler ɗin ya nuna lambar matsala 09 da jar fitila, sai ɗan warin ƙuna. Kafin la'asar ƙanƙarar duk ta zama ruwa a cikin leda, yara sun yi layi a ƙofa da kuloli da kuɗinsu a hannu, ina mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Naman da maƙwabciyata ta ba ni ajiya shi ma ya tashi. Da na koma wurin Alhajin bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Wai ni na ɗora wa ondiler ɗin kaya fiye da ƙarfinsa. Wai garantin na kamfani ne. Na ce wane kamfani, Alhaji, ba sunanka ne a jiki ba? Ya sa yaronsa ya ce mini in yi haƙuri. A gaban mutane, da azumi a bakina. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji zuciyata na tafasa, na dai bar shi da Allah.

Yaro mai gyara da ya buɗe mini ondiler ɗin daga baya ya nuna mini allon ciki, babu sunan Alhaji, babu Jamus, sai rubutun Sinanci da wayoyi sirara. Ya ce kwaikwayo ne.

Batir ma ka kula, don can ne aka fi cuta. Na jel mai 12V 200Ah na gaskiya yana kai kilo 55 zuwa 60. Ka sa a ɗora shi a sikeli a gabanka, in ka ga 40 da ɗoriya ka ajiye musu kayansu, ko me aka rubuta a jiki. Alamar CE da ake bugawa a jikin kaya kuma ba ta nufin a Turai aka yi. Haka kamarorin tsaro da ake ta sayarwa yanzu, suna goma amma duk manhajar V380 ko iCSee za a ce ka sauke a waya. Ƙanena ya sa a shagonsa, ya biya kuɗin suna a banza.

Na san da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina, komai ya yi tsada, ƴan kasuwa ma suna shan wuya. Amma tsadar hanya daban, ƙarya daban.

Ka je da mai gyaran da ka yarda da shi, ba na shagon ba. Ku duba ƴar takardar da ke manne a gefe, ku gwada lambar samfurin biyun, ku ɗaga su ku ji nauyi. Ka tambayi kowane mai shago: in allon ciki ya ƙone kana da na canji a nan Yamai? Wanda ya ciro maka shi daga kanta, kuma ya yarda ya rubuta garanti a takardar saye da hatimi da lambar na'urar, shi za ka saya wa, ko shi ne mai arahar. In kana so in haɗa ka da yaron da ya gyara mini, ka yi mini magana ta gefe.