Wakilcin Likitocin Sashen Gaggawa a Ƙungiya: Amsa ga Ƙanwata

Assalamu alaikum. Ƙanwata Dakta, kin tambaya ko ya dace ki karɓi wakilcin abokan aikinki na sashen agajin gaggawa a reshen ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, alhali jarrabawa tana gabanki. Na riƙe wannan kujera shekara biyu a nan Zariya, kuma shawarata ita ce ki karɓa, amma ki shiga da rubutacciyar hujja a hannunki.

Da farko nakan miƙe a taro in ce aiki ya yi mana yawa, sai a gyaɗa kai a wuce, domin babu sashen da ba ya wannan kukan. Sai na ajiye littafi a ɗakin da muke ɗan kishingiɗa, na roƙi duk wanda ya kwana a bakin aiki ya rubuta yawan majinyatan da ya duba, da awannin da ya yi a tsaye, da abin da ya nema bai samu ba. A ciki aka rubuta daren da motar haya ta kife a hanyar Kaduna, aka kawo mana mutane jina-jina mu biyu kacal, abokiyar aikina tana ɗinke kan wani yaro, mahaifiyarsa tana riƙe mata da fitilar waya. Ranar da na karanta wannan shafi a gaban shugabanni, zauren ya yi tsit, kuma daga nan aka fara maganar ƙara mana hannu da dare.

Ki kuma san doka da kyau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai buƙatar agajin gaggawa, wata doka ta 2017 ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ita kuwa dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa, wadda aka sa wa hannu a 2018, a kanta kuɗin horonmu ya dogara.

Inda za ki fi jin nauyin kujerar shi ne lokacin yajin aiki. A wanda aka fara a watan Agustan 2021, wanda ya ɗauki kusan wata biyu, na goyi bayan ƙungiya ɗari bisa ɗari, domin haƙƙinmu muke nema, amma na dage cewa ba za mu fita ba sai mun miƙa kowane majinyaci hannu da hannu ga manyan likitoci, da bayaninsa a rubuce. Wasu sun ga kamar ina sanyaya gwiwar jama'a, kuma maganganunsu sun yi mini ciwo, sai dai har yau zuciyata a natse take da abin da na yi.

Game da jarrabawa kuwa, tun ranar farko ki nemi a ba ki mataimaki, ku raba tarurruka a tsakaninku, sannan ki sanar da kowa cewa idan ya rage wata biyu ki zauna, shi ne zai riƙa zuwa a madadinki. Allah ya ba ki sa'a.